An garƙame mini shago da umarnin baki: ana ƙarar hukuma kuwa?

Tambaya: Salamu alaikum, Lauya. Ni ɗan kasuwa ne a nan Damagaram. Shekara 11 ke nan ina sayar da atamfa da shadda a shago guda, cikin ɗaya daga kasuwannin gari. Haya jika 6 ce duk wata, ban taɓa fashi ba, takardun biya suna hannuna. Ranar Litinin da ta wuce wasu ma'aikata suka zo suka sa wa shagon kwaɗo, suka ce "daga sama aka ce", wai an kai ƙorafi ina baza kaya a kan hanya. Babu wanda ya kira ni ya ji ta bakina. Yanzu kuma ina jin ƙishin-ƙishin za a ba wani shagon. Ƴan'uwa suna ce mini ba a shari'a da hukuma. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ana shari'a da hukuma, kuma ana cin ta. Sai dai wannan shari'a ba irin wadda ka saba gani ba ce, inda mutum biyu ke tsayawa gaban alƙali kowa ya kawo shaidunsa. Nan takarda ce ke magana, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka faɗi ba don ba su da gaskiya ba ne, don sun makara ne.

Tushen abin shi ne hukuma ba ta da wani iko sai wanda doka ta danƙa mata, kuma dole ta yi aiki da shi ta hanyar da dokar ta shata. Nijar ta gaji wannan tsari daga Faransa, inda tun 1873 aka yanke cewa rigimar mutum da hukuma tana da ƙa'idojinta daban da na rigimar mutum da mutum. A ƙarƙashin kundin tsarin mulki na 2010, babbar kotun hukumomi, wato Conseil d'État, ce ke duba halaccin matakan hukumomi. Daga 2023 aikin ya koma hannun kotun ƙoli, wato Cour d'État, da ke Yamai. Suna ya sauya, amma ƙofar tana nan.

Bari in fara da abin da ba zai yi maka daɗi ba. Shagon ba naka ba ne, ko da ka shekara 30 a ciki. Kasuwar da hukuma ta gina dukiyar jama'a ce, izinin zama a cikinta kuwa na wucin gadi ne, ana iya janye shi. In da faɗaɗa hanya za a yi, ko rushe layin a sake gini, da wuya kotu ta hana, kuma sau da yawa babu diyya. Matsayinka ya sha bamban da na mai fili da takardar mallaka, wanda dokar 1961 da aka gyara a 2008 ta ce ba za a karɓe masa ba sai don amfanin jama'a, bayan an biya shi diyya. Don haka kada ka gina ƙararka a kan "shagona ne". Gina ta a kan yadda aka yi maka.

A nan kake da ƙarfi. Ba don gyaran hanya aka rufe shagon ba, an ce ka yi laifi ne. Wato horo ne aka yi maka, horo kuwa ba ya halatta sai an sanar da mutum abin da ake tuhumarsa da shi, an ba shi lokaci ya kare kansa. Shari'ar da ta kafa wannan ƙa'ida ta yi kama da taka ƙwarai. A 1944 babbar kotun hukumomi ta Faransa ta duba ƙarar wata gwauruwa, Trompier-Gravier, mai rumfar sayar da jaridu a birnin Faris. An janye mata izini bisa zargin wani laifi ba tare da an ji ta bakinta ba. Kotun ta soke matakin, ba don ta wanke matar daga zargin ba, sai don ba a saurare ta ba. Irin wannan hukunci ba doka ba ce a Nijar, amma lauyoyi da alƙalanmu suna kafa hujja da ƙa'idar da ya ƙunsa. Ka lura da kyau: ko da gaske ka baza kaya a kan hanya, wannan hujja tana nan daram.

Akwai wasu hujjojin. Ta farko ita ce wa ya ba da umarnin. "Daga sama" ba sunan kowa ba ne a doka. Mai karɓar haraji ko shugaban ƴan kasuwa ba su da ikon janye izini, sai in wanda doka ta ba ikon ya wakilta su a rubuce. Tun da aka rushe majalisun garuruwa a watan Afrilun 2024, jami'an da aka naɗa ne ke riƙe da aikin magadan gari, saboda haka sa hannun da ke kan takarda abin dubawa ne da idon basira. In wanda ba shi da hurumi ne ya sa hannu, matakin ya faɗi, ko da dalilinsa mai kyau ne. Sai kuma saɓa wa doka kai tsaye: laifin da aka ambata bai faru ba, ko ƙa'idar kasuwar ta tanadi gargaɗi ko tara amma aka tsallake zuwa kora. Nemi kwafin ƙa'idar kasuwar da yarjejeniyar hayarka, ka ba lauya ya karanta.

Hujjar da na san ta fi ci maka rai ita ce ta ƙarshe, wato an yi amfani da iko don wata manufa ta daban, an kore ka don a ba wani. Doka ta san wannan. Tun 1875 aka soke rufe wata masana'antar ashana a Faransa, don an fake da dokar lafiyar jama'a alhali ana son kauce wa biyan mai ita diyya ne. Amma a gaskiya ita ce hujja mafi wuyar tabbatarwa, domin niyya a zuci take, ƙishin-ƙishin kuma ba shaida ba ne. A sa ta a ƙarar, amma kada a jingina da ita kaɗai.

To, me za ka yi daga gobe?

Kada ka taɓa kwaɗon. Matakin hukuma yana aiki har ranar da aka soke shi, ko da kuskure ne. In ka fasa, ka mayar da kanka wanda ake tuhuma, ka ba su dalilin da a da ba su da shi.

Ka nemo wusiye, wato ma'aikacin shari'a mai rantsuwa wanda kotu ke karɓar shaidarsa a rubuce, ya zo ya ga shagon, ya rubuta rana da abin da ya gani, ya ɗauki hoto, ya kuma je ofishin ya tambaya a hukumance ko su ne suka rufe, da umarnin wa. Umarnin baki ma ana iya ƙararsa, amma sai ka tabbatar da cewa an ba da shi, takardar wusiye ce kuma za ta yi maka wannan aiki. Ta hannunsa ka nemi a buɗe a ƙirga kayanka, ko a bar ka ka kwashe, kafin gara da ƙura su yi musu illa. Kuɗin haya kuma ka ci gaba da kaiwa. In sun ƙi karɓa, a rubuta cewa sun ƙi.

Sannan ka rubuta takardar koke ga shugaban hukumar da ta ɗauki matakin. Wannan ba ladabi ba ne kawai, sharaɗi ne: ƙarar neman soke mataki ba ta karɓuwa sai an fara kai koke ga wanda ya yanke, ko ga na gaba da shi. Takardar ta ƙunshi sunanka, lambar shago, ranar rufewa, dalilanka, da buƙata ƙarara cewa a janye matakin. Ka yi kwafi biyu, a buga wa naka hatimi da kwanan wata. Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Wani ya kai kuka fada, wani ya bi ta wurin ɗan'uwansa mai faɗa a ji, ana ta "ka dawo mako mai zuwa", wa'adi kuwa yana tafiya. Sulhu ta hannun dattawan kasuwa abu ne mai kyau, sau da yawa ma ya fi kotu sauri, amma ba ya tsayar da ƙirgen kwanaki. Ka bi hanyoyin biyu tare. Haka nan kada ka wadatu da rubuta wa gwamna kaɗai. Gwamna yana sa ido a kan ayyukan hukumomin gari, amma sa ido daban yake da zama shugabansu kai tsaye, kuma lauyan ɗaya ɓangaren zai iya cewa ba ka kai koken inda ya kamata ba. Asalin takarda ga wanda ya yanke, kwafi ga gwamna.

Wa'adin kai koken gajere ne, ana ƙirga shi daga ranar da aka sanar da kai matakin. Shawarata ita ce koken ya shiga cikin makon nan. Daga ranar da aka buga masa hatimi, wani ƙirgen ya fara: in sun amsa da ƙi, ko suka yi shiru har lokacin da doka ta ba su ya cika, shirun nan ƙi ne a idon doka, kuma daga nan wa'adin zuwa kotu yake somawa. Wanda ya zauna jiran amsar da ba za ta zo ba, ƙofa za ta rufe yana zaune. Ranar da ka kai koken, ka sa lauya ya rubuta maka ranakun nan biyu a takarda: ranar da lokacin amsarsu zai cika, da ranar da wa'adin zuwa kotu zai ƙare.

Ƙarar soke mataki a Yamai ake shigar da ita, tafiyar kusan kilomita 900, amma kusan duk aikin a rubuce ake yin sa, ba sai kana zarya ba. Shigar da ƙara ba ya buɗe shago da kansa. Dole lauya ya haɗa da buƙata ta musamman ta a dakatar da aiwatar da matakin kafin a yanke hukunci, ya nuna cewa hujjarka mai nauyi ce kuma ɓarnar da za ta same ka mai wuyar gyarawa ce. In kuwa aka ba wani shagon, wannan mataki ne na biyu, shi ma sai an ƙalubalance shi daban. In ba haka ba, kana iya cin shari'a ka dawo ka tarar da wani zaune da takardarsa.

Ka san kuma iyakar abin da za ka samu. Alƙali ba ya duba ko hukuma ta kyauta, yana duba ko ta bi doka ne. In ya soke matakin, tamkar ba a taɓa yin sa ba. Amma in rashin sauraronka kaɗai ne ya kayar da shi, hukuma tana iya sake kiranka, ta saurare ka, ta kuma yanke abin da ta yanke a baya. Shi ya sa gyara baza kayan, in akwai shi, yana cikin dabarar shari'ar.

Diyya hanya ce daban, kuma a nan babbar kotun Damagaram ake fara ta. Sai ka fara rubuta wa hukuma buƙata da adadin kuɗi a fili, ta ƙi, sannan ka shiga kotu. Asarar da aka tabbatar kaɗai ake biya, don haka littafin ciniki, takardun sarin kaya da na patanti su ne shaidunka. Wanda cinikinsa duk a ka yake, kaɗan zai samu. Ko ka ci, ba a kama dukiyar hukuma a sayar kamar ta ɗan kasuwa, biyan yana bin kasafin kuɗi ne, yakan kuma ɗauki lokaci. Ka auna wannan da kuɗin wusiye da na lauya kafin ka buɗe shari'ar diyya.

In hali bai kai na ɗaukar lauya ba, akwai hukumar ANAJJ, wadda dokar 2011 ta kafa don taimaka wa marasa ƙarfi a harkar shari'a. Ka tambayi ofishinta a babbar kotu, ka tafi da katin ɗan ƙasa, yarjejeniyar haya, da takardun biyan nan na shekara 11.