Ina Irin da Ka Ware?

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso, ƙanwarka ce ta karanta mini bayan la'asar, don idon nan ya daina shiri da ƙananan rubutun waya. Ka ce abokanka a jami'ar Aliero duk sun rubuta burinsu na sabuwar shekara a Facebook, kai ma ka jera naka har tara, kana tambaya ko muna da wannan al'ada ko ta aro ce.

Ɗaya ga Janairu dai ba ta cikin lissafin da muka taso da shi. Shekararmu biyu ce. Akwai ta Hijira mai kamawa da Muharram, watan Cika-ciki. Ranar Cika-cikin, kakarka takan tuƙa tuwo mai yawa, a fito da busasshen naman layya da ta adana, mu yara mu ci har mu kasa miƙewa, manya kuma suna azumin Tasu'a da Ashura. Amma kwananta 354 ne, kowace shekara tana matsowa da kamar kwana 11. Na ga Cika-ciki a hunturu, na gan shi tsakiyar damina. Manomi ba ya shuka da ita.

Shekarar aiki bayan kaka take farawa, idan an ɗaure dami an kai rumbu, kuma a nan abin da kake tambaya yake. Kakanka, Allah ya jiƙansa, yakan tara mu 'yan gandu a zaure da dare. Ba takarda, ba alƙalami. Ya faɗi yawan damin da aka samu. A fitar da zakka, ɗaya cikin goma tunda ruwan sama ne ya shayar. A zaɓi zangarniyar da ta fi cika a ware iri, ko bazara ta matsa ba mai taɓa shi. A lissafa na ci har zuwa sabon gero. Abin da ya rage kaɗai ake ɗora wa buri: auren wane, rufin ɗakin wance, ko ɗan maraƙi. Sannan ya bi mu ɗaya-ɗaya: kai me za ka yi da ranin nan? Wani ya ce cin rani, wani kamun kifi, wani lambu a fadama. Ka faɗa, ka ce in Allah ya yarda, a shafa fatiha. Daga zauren nan maganar ba ta fita, don tsofaffi suna gudun kambun baka. Ni ko ba don wannan ba, na fi son ka gaya wa mutum ɗaya da zai tare ka bayan wata uku ya ce ina aka kwana, da mutum dubu masu danna maka hannu su wuce.

Shekarar da aka yanka mini gayauna, da aka zo kaina sai na ce keke, rediyo da kuɗin aure. Tsohon ya dube ni ya ce taura biyu ma ba ta taunuwa, kai ga ka da uku. Ya ce me ka ware? Na yi shiru, don gyaɗar tawa tuni na sayar na ɗinka riga. Keken sai bayan damina uku ya shigo gidan.

Ka san bikin kamun kifin garinmu Argungu, wanda aka faro tun 1934. Baƙo yana ganin ranar da ake faɗawa kogin Matan Fada ne kawai. Mu da ke nan muna ganin masunci tun da makonni zaune a gindin bishiya yana ɗinke homa, wato ragar kamun kifi, yana duba gorarsa ko ta tsage. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Janairun kuwa ban ga laifinta ba, albashi da kasafin gwamnati da ita suke tafiya. Tarar nan ce ta yi yawa. Ɗauki biyu. In babur ne, naira 500 kullum ta kai 182,500 a shekara. Ba za ta saya ba, amma ka san inda ka tsaya, kuma ka shiga adashi kamar innarka, don uwar adashi ba ta jin uzuri. In hadda ce, kada ka ce rabin Alƙur'ani. Izu ɗaya a wata, ka riƙa kai wa malami tilawa, izu 12 ke nan.

Kuma ka bar wa Mai shi nasa. A 2020 na gama lissafin kujerar Makka a kan shinkafar fadama, ambaliya ta zo ta shafe ta a 'yan kwanaki. Buhu biyu na iri da ke ɗaki su suka mayar da ni noman rani.

In an yi hutu ka zo da takardar, mu zauna a zaure mu soke bakwai. Innarka tana gaishe ka, ta ce kada ka sake ka baro Aliero ba albasa.