Libarbar albarushi irin ta zamanin da: wacce zan saya, kuma yaya ake harba ta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a jihar Ohio ta Amurka. Kwanan baya na shiga wani kantin kayan farauta na ga wata libarba irin ta zamanin yaƙin basasar Amurka, wadda ake ɗura wa albarushi da dalma. Jikinta tagulla ne, sai ƙyalli take, ga arha, an rubuta .44 a jikinta. Mai kantin ya ce ba a cike takarda kafin a saya. Ni ɗan gidan farauta ne, na tashi ina ganin mahaifina yana ɗura adaka. Shin in saya? Yaya ake harba ta? Kuma zan iya kai wa Baba ita tsaraba idan na tashi zuwa gida?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, don ita ce mai iya jefa ka a rami. Kada ka kai ta gida. Dokar makamai ta Najeriya, wadda ta samo asali tun 1959, ta sa libarba da duk ƙaramar bindigar hannu a jerin makaman da aka haramta riƙewa sai da izinin shugaban ƙasa, kuma ba ta ware ta zamanin da ba. Adakar Baba tana wani rukuni daban, wanda kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba wa lasin. Jami'in kwastan ba zai tsaya sauraron tarihin yaƙin basasa ba, libarba zai gani. Ka nema wa Baba wata tsarabar.

Maganar mai kanti kuwa gaskiya ce, amma rabinta ya faɗa maka. Dokar tarayyar Amurka ta 1968 ta cire bindigogin da aka ƙera a 1898 ko kafin nan daga ma'anar "bindiga", haka ma kwaikwayonsu muddin ba sa cin harsashin zamani. Shi ya sa a yawancin jihohi ake sayar da ita kamar yadda ake sayar da fatanya, har ta gidan waya. Sai dai kowace jiha da nata hukuncin. New Jersey tana ɗaukarta a matsayin cikakkiyar bindiga. A New York kana iya ajiye ta don ado, amma da zarar ka haɗa ta da albarushi da dalma sai da lasin. Ka karanta dokar jiharka da ta birninka da idonka, kuma idan bizar karatu ko ta ziyara ce ke riƙe da kai, ka ga lauya kafin ka fitar da kuɗi. Akwai kuma wata ganga, wato sashen da ke juyawa mai ramukan ɗuri, da ake saya daban a maye gurbin ta asali don bindigar ta ci harsashin zamani. Wannan tana sauya matsayinta a gaban doka, ka bar ta tukuna.

Yanzu ga wadda ka gani. Ba duk abin da ke ƙyalli ne zinariya ba, wannan kam tagulla ce, kuma tagulla ta fi ƙarfe laushi. Duk harbi ganga tana dukan bayan jikin bindigar, idan ana cika mata albarushi sai jikin ya fara lotsewa, sandar da ganga ke juyawa a kai ta yi sako-sako. Idan samfurin Colt 1851 Navy ce, kamar yadda nake zato, to ka sani kamfanin Colt bai taɓa ƙera ta a .44 ba, a .36 ya yi ta, da jikin ƙarfe (lambobin nan faɗin bakin bututu suke nunawa). Masu jikin tagulla na ainihi mutanen Kudu ne suka yi su lokacin yaƙin, tsakanin 1861 da 1865, irin su Griswold da Gunnison a jihar Jojiya, saboda ƙarancin ƙarfe, su ma a .36. Wato ta kantin nan ba ta da kaka a tarihi, 'yan kasuwa ne suka haife ta. Idan ado a bango kake so, ba laifi. Idan harbi kake so, ƙara kuɗi kaɗan ka ɗauki mai jikin ƙarfe.

Kusan duk waɗannan bindigogi daga arewacin Italiya suke fitowa, yankin Brescia, inda gidan Beretta, maƙera bindigogi, yake tun ƙarni na 16. Aldo Uberti ya buɗe masana'antarsa a Gardone Val Trompia a 1959, lokacin da Amurkawa ke shirin cika shekara ɗari da yaƙin basasa, ga masu son bindigar kakanni da yawa, ta asali kuma ta yi tsada. Pietta, da ke Gussago, ita ce ɗayar. Uberti ta fi kyan gamawa, Pietta ta fi sauƙin kuɗi, dukansu suna harbi lafiya.

Da ni ne kai, da Remington New Model Army zan fara, wadda ake kira 1858, mai jikin ƙarfe, .44. Jikinta a rufe yake ta sama, saitinta na baya a jikin yake ba ya motsi, kuma cire gangarta ba ya ɗaukar minti guda. Colt ta fi daɗin riƙo, wannan ba gardama, mutum ya miƙa ta kamar yatsansa. Amma samanta a buɗe yake, wani ɗan ƙarfe ne da ake cusawa ta gefe ke riƙe bututun, kuma fasasshiyar hula, wato 'yar abar da ke ba da tartsatsi, takan faɗa cikin injinta ta cije. Remington ita ma tana da nata halin: toka takan kama sandar gangarta bayan zagaye biyu ko uku, sai an zare an shafa mai.

Bindigar kaɗai ba ta yin komai, don haka ka lissafa da kayan tafiyarta. Kana buƙatar albarushi mai lamba FFFg, irin na Goex ko Swiss ko Schuetzen, ko madadinsa Pyrodex P wanda ya fi sauƙin samu a kanti. Sai ƙwallon dalma zalla mai laushi, .454 ga bindiga .44, ko .375 zuwa .380 ga .36. Sai 'yan hulunan jan ƙarfe masu ba da tartsatsi, lamba 10 ko 11, da ma'aunin albarushi, da 'yan faifan ulu masu maiƙo, da sifanar kwance nonuwan da ake sa wa hula a bayan ganga. Tabarau da abin toshe kunne ba zaɓi ba ne, hula tana tarwatsewa.

Abu guda zan faɗa da babbar murya: garin harsashin zamani, wanda ba ya hayaƙi, ko ƙwaya ɗaya kada ya shiga bindigar nan, ko da launinsa baƙi ne. Ƙarfinsa ya ninka abin da aka ƙera ta ta ɗauka, ganga za ta fashe a hannunka. An rubuta gargaɗin a jikin bututu. Kada kuma ka ce za ka haɗa naka albarushin a gida.

Ɗurinta ba zai zama baƙo ga wanda ya ga ana ɗura adaka ba, illa dai ita ba ta baki ake ɗura ta ba, ta gaban ganga ne, rami shida. Sabuwa tana zuwa da man masana'anta, ka goge shi tas, sannan a filin harbi ka fasa hula ɗaya a kan kowane rami babu komai a ciki, don hanyar wuta ta buɗe. Ka ja guduma, wato ƙarfen da ke dukan hula, zuwa rabi yadda ganga za ta juya da hannu, bakin bindiga na kallon sama, nesa da fuskarka. Ka zuba albarushi daga gora zuwa ma'auni, ka rufe gorar, sannan daga ma'auni zuwa rami. Kada ka taɓa zubawa kai tsaye daga gora, domin idan akwai ragowar garwashi a ramin, gorar gaba ɗaya ce za ta tashi. Ana aunawa da giren, ƙaramin awo na albarushi, kuma da cikar ma'auni ake yi, ba da sikeli ba. A .44 mai jikin ƙarfe ka fara da giren 20 zuwa 25, mai tagulla kada ta wuce 20, a .36 kuma 15 zuwa 20 ya isa. Takardar da ta zo da bindigar ita ce alƙali idan ta saɓa da ni.

Bayan albarushi sai faifan ulu, sai ƙwallo. Ka juya ganga ya zo ƙarƙashin sandar dannawa da ke manne da bututu, ka danna har ya zauna daram a kan albarushi, kada a bar iska a tsakani. Ka lura da kyau a nan: bakin ramin zai yanke wani siririn zobe na dalma daga jikin ƙwallon. Zoben nan shi ne shaidar cewa ramin ya toshe. Idan bai fito ba, ƙwallonka ya yi ƙanƙanta, ka sauya. Hula ita ce ta ƙarshe, sai ka tsaya a layin harbi bindiga na kallon abin bara. Ta zauna cif a kan nono, idan tana faɗuwa ka gwada ɗaya lambar.

Duk wannan tsantseni saboda abu ɗaya ne: wutar rami guda takan tsallaka ta kunna na kusa, biyu ko uku su tashi tare. Tana shiga ta gaba idan ƙwallo bai toshe ba, ta baya idan hula ta yi sako-sako ko ta faɗi. Shi ya sa hannunka na hagu ba ya zuwa gaban ganga ko kusa da ita, ko da wasa. Idan kuma ka danna kunama hula ta fashe amma bindiga ta yi shiru, kada ka juyo ta ka leƙa. Ka ci gaba da nuna ta gaba, ka ƙirga minti ɗaya, albarushi yakan makara.

Harbin kansa daɗi ne da shi. Ba ta dukan hannu kamar ta zamani, turawa take yi, sai ƙara mai kauri, sai farin hayaƙi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ya rufe maka gaba. Ka fara daga yadi 15. Za ka ga tana bugawa sama da inda ka saita, musamman Colt, wadda saitinta na baya 'yar tsaga ce a kan guduma. Ba lalacewa ba ce, don nesa aka saita ta asali, ka riƙa nuna ƙasa kaɗan. Ka kira filin harbi kafin ka je, na cikin gini da yawa ba sa yarda da hayaƙinta. Kuma kada tsufan samfurin ya ruɗe ka: ƙwallon .44 ya kai giram tara, da irinsa aka kashe mutane a yaƙi. Duk da haka ba zan ba ka shawarar dogara da ita don tsaron gida ba, danshi kaɗan yana hana ta tashi.

Sai aikin da ke korar mutane daga wannan sha'awa, wato wanki. Tokar albarushi tana jan danshi tana cin ƙarfe, ta Pyrodex ma haka ko fiye. Na taɓa dawowa a gajiye na ce sai gobe, goben ta zama jibi, na tarar da jan tsatsa a ramuka, har yau tabon yana nan. Ranar da ka yi harbi, ranar za ka wanke. Ka cire ganga, ka kwance nonuwa, ka wanke da ruwan zafi da sabulun wanke-wanke har tsumma ya fito fari, ka busar sosai, ka shafa mai. Ka guji man da aka tace daga fetur a cikin bututu da ramuka, yana haɗuwa da toka ya zama kamar kwalta. Man bindiga na Ballistol yana yi, kitsen rago da aka narka da kakin zuma ma yana yi. Ka ɗan shafa maiƙo a zaren nonuwa kafin ka mayar, in ba haka ba wata rana sifana za ta karye ba su motsa ba. Ka wanke hannu kafin cin abinci saboda dalma. Albarushi ya zauna a robarsa ta asali, wuri mai sanyi, nesa da huluna, bindiga kuma a kulle babu ɗuri, inda yara ba sa kaiwa.