Cinyar ragon layya

Ɗana, saƙonka ya iso. Da farko murmushi na yi, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Wai don me duk Babbar Sallah sai na cire cinyar ragon layya na kai gidan Malam da ƙafata, alhali ba danginmu ba ne, kuma yau shekara uku ke nan da rasuwarsa. Har ka ce ai aikin gwamnati ya yi, an biya shi albashi. Albashi!

Kai ka tarar da shi tsoho ne, ya haura casa'in, yana zaune kan buzu a ƙofar gida da carbi. Ni na san shi a kan kekensa Raleigh, yatsunsa fari fat da alli. Lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, duk uwar da ɗanta soja ya aiko wa wasiƙa wurinsa take kaiwa, ya karanta mata, ya rubuta amsa, ko anini ba ya karɓa. Da aka canja kuɗi a farkon 1973, duk ranar kasuwa yana gindin tsamiya yana faɗa wa tsofaffi fam ɗaya naira biyu ce, sule ɗaya kwabo goma, don kada 'yan wayo su cuce su.

A wannan shekarar ce kuma aka yi fari. Gero ya bushe a tsaye tun bai fitar da kai ba. Ina ajin ƙarshe na firamare, kakanka, Allah ya jiƙansa, ya ce makaranta ta isa haka, in bi 'yan ci-rani zuwa birni. Kwana biyu Malam bai gan ni a aji ba. Daren na uku bayan isha'i sai ga sallama a zaure, yana riƙe da fitilar ƙwai. Ni aka aika na kawo ruwa a ƙwarya, na durƙusa na miƙa masa. Ya karɓa, ya ajiye a gefen tabarma. Ya ce wa kakanka, "Ba zan sha ruwan gidanka ba sai ka ba ni yaron nan."

Kakanka ya ce, "Malam, karatu ake ci? Je ka leƙa rumbuna ka gani."

Aka yi shiru, ba ka jin komai sai kukan gyare. Ina raɓe a bakin ƙofa, ƙirjina yana dukan uku-uku. Can Malam ya ce, "To, bakinsa ya koma gidana. Abin da 'ya'yana suka ci shi zai ci." Kakanka ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ɗauki ƙwaryar da hannunsa ya miƙa masa.

Mu huɗu ne a zauren Malam, ban da 'ya'yansa na cikinsa. Inna, matarsa, wadda nake kai wa cinyar nan yanzu, mu take fara zuba wa tuwo, ta ce ɗan wani ba ya iya cewa bai ƙoshi ba. Sai da na girma na gane akwai dararen da ita kanta da ruwa ta kwana.

Tun daga lokacin, duk shekarar da Allah ya hore wa kakanka layya, cinya ta Malam ce. Yakan ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. In mun yi ƙyuyar zuwa gaisuwa kuma ya ce zumunci a ƙafa yake. Ku yanzu kun mayar da shi cikin waya. Ku tura hoton rago a WhatsApp ku ce kun yi barka da Sallah. Na tabbata in na tambaye ka inda malaminka na aji ɗaya yake zaune, sai ka yi ta sosa ƙeya. Laifin har da namu, da ba mu riƙa jan ku muna tafiya tare ba.

Ranar jana'izarsa sahu ya cika fili har bakin hanya, yawancinmu masu furfura, kowa ya ce ɗalibinsa ne.

Inna idonta ya yi rauni yanzu, da murya take gane mutane. Bana ka zo da wuri ka kai ni a motarka. Ka cire takalmi tun daga zaure, ka durƙusa, ka faɗa mata kai jikan wane ne. Ka gaida mahaifiyarka.