Me ya sa gidajen wasu ƙauyukan Ingila suke iri ɗaya?

Malam, ka tambaya me ya sa gidajen suke kamar an buga su da hatimi. Mai ƙasa ɗaya ne ya gina su. Dubi ƙauyen Milton Abbas a yankin Doset: tsohon garin ya tsone wa mai ƙasar, Joseph Damer, ido kusa da katafaren gidansa, sai ya rushe shi. Wajen 1780 ya jera wa mutanen gidaje 36 a kwari, ginin ƙasa, rufin jinka, kowanne na iyali biyu. Kyau a waje, cunkoso a ciki.

Kada jinkar ta ruɗe ka, ba su kai shekara 300 ba. In saye kake so, doka ta kare irinsu, ko taga ba a canzawa sai da izinin ƙaramar hukuma. Fara kiran masanin tsofaffin gine-gine ya duba danshi da katakon rufi.