Tambayi Likita: Ƙafafun Baba Sun Yi Sanyi

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina ya haura saba'in, yana sana'ar tumatir a kasuwar Mile 12. Yanzu tashi daga tabarma sai an kama shi, hawa gadar ƙafa kuwa sai haki. An gwada an ce jininsa ya yi ƙasa. Tsufa ne ko kuwa? Daga 'yarsa a Agege.

Amsa: Wa alaikis salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kada a ɗora wa tsufa komai. Sinadarin himoglobin da ke cikin jini shi ke kai iskar oksijin ga tsoka. In ya ragu, tsoka kan gaji da sauri. Hukumar Lafiya ta Duniya na ɗaukar himoglobin ƙasa da giram 13 a kowace desilita (kashi ɗaya cikin goma na lita) ta jini a namiji, 12 a macen da ba ta da ciki, a matsayin ƙarancin jini.

Abin da ya fi damuna shi ne inda jinin ke tafiya. Dattawanmu na kasuwa sun saba shan diclofenac don ciwon gwiwa kamar goro, kuma yana iya sa ciki zubar jini a ɓoye. Ki tambaye shi, cikin ladabi, ko bayan gidansa ya yi baƙi. A duba ƙoda da sinadarin bitamin B12 ma.

Kada ki ruga kemis sayen maganin ƙarin jini kafin a gano musabbabi. A ba shi hanta, wake, zogale, da lemu bayan abinci. Shayin mai shayi kuwa, a jinkirta shi awa ɗaya ko biyu, domin yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe, wanda ake buƙata wajen yin jini.