Karen gona ya dame shi da shinshina, ko alamar ciwo ce?

Tambaya: Ina da kare mai gadin gona da awaki. Duk sanda ƙanena ya zo sai ya bi shi da shinshina, har maƙwabta suka ce warin ciwo yake ji a jikinsa. Hankalin yaron ya tashi.

Amsa: Malam, ka kwantar masa da hankali. Da hanci kare yake tantance mutane. Ƙwayoyin jin wari a hancinsa sun haura miliyan 200, namu kuwa miliyan 5 ne zuwa 6. Shi ya sa yake kai hanci hammata da matsematsi, inda gumi ya fi ɗauke da warin jikin mutum. Ka duba daga ina ƙanenka yake fitowa. In daga turke ne, ko mahauta, ko gidan da ake da karya, to abin da karen yake bi ke nan. Ko ƙosai ya riƙe a hanya, ya isa.

Maganar maƙwabta tana da ɗan tushe. A 2018 masu bincike na Jami'ar Durham ta Ingila sun gwada karnuka da safar da yara suka kwana da ita a Gambiya, karnukan suka gane kusan kashi 70 cikin 100 na masu ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Amma waɗannan karnukan sun sha horo na watanni, kuma duk da haka sun yi kuskure. Karen gona bai san wannan aiki ba. Abin da ke ɓata mini rai shi ne a tsorata lafiyayye, ya kama shan jiƙe-jiƙe a banza. In ƙanenka yana rama ko zazzaɓi, asibiti za a je a auna jini.

Karen da ya kamata ka ji tsoro shi ne wanda halinsa ya sauya farat ɗaya: yana dalalar da yawu, yana cizon itace da dabbobi, ko ya ƙi abinci. Wannan na iya zama ciwon haukan kare, wanda da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum da wuya ya tashi. Kada ka bari ya lashi gyambo. In ya ciji wani, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya asibiti a ranar. Ka kuma riƙa kai karenka wurin malamin dabbobi duk shekara a yi masa allurar rigakafi.