Kwana takwas a Zanzibar don koyon nutso: yaya ranakun suke tafiya?

Tambaya: Ni mazaunin Rayfield ne a Jos. Ni da maiɗakina za mu yi kwana takwas a tsibirin Zanzibar na Tanzaniya, ina so in koyi nutso a teku da tukunyar iska, ita kuwa ba ta shiga ruwa. Yaya zaman yake, kuma me zan kiyaye?

Amsa: Malam, nutso da safe ake yinsa, sauran yinin naku ne. Jirgin ruwa yakan tashi bayan karin kumallo, a yi nutso biyu da hutun kamar awa ɗaya a tsakani, a dawo wajen azahar. Kwas ɗin farko na PADI, ƙungiyar da ke horar da masu nutso tana ba su shaida, yakan ci kwana uku zuwa huɗu: karatu, atisaye a ruwa mara zurfi, sannan nutso huɗu a teku, iyakarka mita 18. Kafin a ba ka shaida sai ka yi iyo na mita 200, ka kuma tsaya a saman ruwa minti goma. In iyonka bai yi ƙwari ba, ka fara gyara shi a wurin ninƙaya tun kana Jos, kada ka ƙone kwana biyu a can kan abin da za ka iya yi a gida.

Wurin sauka shi ne babban zaɓi. A gabashin tsibirin, wajen Paje da Jambiani, teku takan janye nesa sau biyu a rana, ta bar fili mai duwatsu da ƙayar teku, don haka sai da takalmin roba. A Nungwi da Kendwa, can arewa, ruwa ba ya yin nisa haka, kuma daga nan ana zuwa ƙaramin tsibirin Mnemba, inda murjani da kifaye suka fi yawa. Arewan ya fi dacewa da ku. Ku kauce wa Maris zuwa Mayu, lokacin babbar damina.

Abin da ya kamata ka fahimta sosai shi ne matsin ruwa. A mita goma matsin ya ninka na doron ƙasa sau biyu, shi ya sa kunne ke ciwo. Tun daga mitar farko ka riƙa toshe hanci kana hura iska a hankali, kada ka jira ciwo ya zo. In kana mura, haƙura da nutson ranar, domin hanyar da ke tsakanin hanci da kunne a toshe take. Kada ka taɓa riƙe numfashi kana hawowa, iskar da ke huhu tana kumbura ne yayin da matsi ke raguwa. Ana shiga da tukunya ma'aunin matsin iskarta na nuna 200, a fito da saura 50, a kuma dakata minti uku a mita biyar kafin a ɓullo.

Dalilin dakatawar shi ne iskar nitrojin da jiki ke sha a ƙasa. In matsi ya ragu da sauri sai ta yi kumfa a jini, kamar an buɗe kwalbar lemo bayan an girgiza. Haka kuma jirgin sama yake yi. Bayan nutson kwanaki a jere, a bar aƙalla awa 18 kafin tashi, yawancin malaman nutso ma awa 24 suke cewa. Ranar ƙarshe ta tudu ce ke nan. Mai sikila ko asma ko ciwon zuciya ya ga likita kafin ya biya ko sisi.

Mutumin Jos da ya saba da sanyin tudu zai ji zafi mai gumi a kwana biyun farko. Sha ruwa da yawa, na kwalba, domin ƙarancin ruwa a jiki na ƙara haɗarin kumfar nan.

Uwargida ba za ta rasa abin yi ba. Mafi yawan mutanen tsibirin Musulmi ne, masallatai ko'ina, shiga ta mutunci ita ce al'adar gari, abinci kuma ba abin fargaba: shinkafar pilau mai kayan ƙamshi, kifi da miyar kwakwa, ruwan rake da citta. A Nungwi har yau ana sassaƙa jiragen katako a bakin teku, kallon ya ishe ta hantsi guda. Ranar tudun nan ku tafi gonakin kanumfari da kirfa, ku wuce tsohon birnin Stone Town, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi, ku ci abincin dare a kasuwar Forodhani. A yi ciniki kafin a ɗora abu a wuta.

Agogonsu ya riga namu da awa biyu. Alƙibla kuwa kusan arewa sak take, ba gabas ba kamar yadda kuka saba, sai ku duba mihirabin masallacin unguwa tun ranar farko. Soket ɗinsu mai ƙafa uku ne irin namu. Ku riƙe katin allurar shawara, ku nemi biza da wuri, ku kuma canza kuɗi zuwa shilin na Tanzaniya a birni, domin a ƙauyukan bakin teku na'urar cirar kuɗi ba ta da yawa.